Hanyar da Auta ta nema zuwa tekun ƙanƙara

Ni ban taɓa ganin teku ba, gara in faɗa tun da wuri. Ruwa mafi girma da idona ya gani shi ne barajin nan, madatsar ruwan Wagadugu, shi ma in rani ya yi nisa shanu ke yawo a tsakiyarsa. Karatun ma da furfurata na koye shi, wurin matar wani ɗan kasuwar Kano da ta zauna bayan gidanmu a Zongo. Saboda haka in na karkace a maganar ruwa, mai karatu ya gyara a ransa ya wuce.

A gidanmu ba a tafiya sai an ba ka hanya. Kowa a garin nan yana neman hanya in zai tashi daga gidan mutane, Mosi 'yan ƙasa ma haka suke yi, amma namu ya fi nasu nauyi. Wurin surukata na same shi. Lokacin da aka kawo ni gidan, ana ta murnar Nasara sun sauka daga mulki, maigidana yana fataucin goro. Duk ranar da zai tashi, tsohuwar za ta tsaya a bakin ƙofa da ruwa a moɗa. Za ta ambaci garin da za shi da sunansa, ta ambaci abin da ya fitar da shi, goro ne ko atamfa, ta roƙa masa shi a fili, fari ko ja, mai yawa, marar tsutsa. Sannan ta roƙi dawowarsa, ta zuba ruwan a ƙasa, ya tsallaka bai waiwayo ba. Ba ta yarda da a ce "Allah ya ba da sa'a" kawai. Cewa take ɓarawo ma sa'a yake fita nema. Akwai shekarar da ƙanin maigidana ya ƙi faɗa mata abin da zai kai shi Bobo, ta kife moɗar ta shige ɗaki. Bai je ba, ya yi ta kumburi a zaure har ya huce.

Ta rasu, maigidana ya bi ta, moɗa ta zo hannuna. Na ba 'ya'yana hanyar Abijan, na ba su ta Kumasi da ta Kano, ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ko da autata ta gama lakwal, makarantar bokon nan, aka tura ta Faransa, ban sha wahala ba. Na ce Faransa, na ce karatu, na zuba ruwa.

Wata shekara ta zo hutu. Ina zaune a tsakar gida ina ƙulla zoɓo a leda, don a lokacin shi nake sayarwa da ƙanƙara, sai ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna gabana.

"Inna, hanya na zo nema."

"Ai na ba ki. Ta Faransa ba ta ƙare ba."

"Wannan wata ce. Jirgin ruwa zan shiga, mu yi kudu."

"Abijan?"

"Gaba."

"Ke, gaban Abijan ai ruwa ne."

"To, ruwan za mu."

Ta ce wurin can ƙasan duniya yake, sanyinsa ya fi cikin firigon da nake daskarar da ƙanƙara, duwatsun ƙanƙara suna yawo a kan ruwa, wani ya kai unguwannin Widi da Gungin a haɗe. Na tambaye ta sunan garin, ta ce babu gari. Na ce wane ne mai masaukinki, don ubanta bai taɓa zuwa inda ba shi da mai masauki ba. Ta ce babu kowa sai tsuntsaye da manyan kifaye, a jirgin za su kwana su tashi wata da watanni.

"To me za ku ɗebo?"

"Ruwa."

Na ajiye ledar hannuna na dube ta da kyau. Yarinyar nan ta yi shekaru tana karatu, har tabarau ta fara sawa. Na ce mata famfo yana nan bakin layi, in layin ne ba ta so in aika a ɗebo mata.

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Ta ce kwalabe ne ake jerawa a jikin wani ƙarfe, a zura su da waya mai tsawo har can ƙasa, kowace kwalba ta rufe bakinta a zurfin da aka ce mata, a jawo su sama, ita kuma ta auna abin da ke cikin ruwan. Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya min a rai. Ta ce aikin nan ta daɗe tana bin sa, wurin mutum ɗaya ne ya rage a jirgin, akwai wanda ke jira in ta fasa. Amma in ban ba ta hanya ba, ba za ta shiga ba.

Na ce to ta faɗa min abin da zan roƙa mata, shi ke nan.

"Inna, kin san takin da masu lambun bakin baraji ke zuba wa salad da kabeji?"

"Kashin shanu."

"Bon, yawwa. Teku ma tana da nata takin."

Ga yadda ta yi min bayani, iyakar abin da na riƙe. Duk abin da ya mutu a teku nitsewa yake, ya ruɓe a can ƙasa, ya narke cikin ruwa ya zama taki. A saman ruwa kuma akwai wata ciyawa ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, ita ƙananan halittu ke ci, kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami. Ciyawar tana son rana kuma tana son taki. Rana na sama, taki na ƙasa. Sai an samu abin da ya ɗago na ƙasan. A tekun kudun nan iska ce ke yi, tana kaɗawa tana zagaye duniya babu ƙasar da ta tare ta, tana ture ruwan sama, na ƙasa ya taso da takinsa.

Har nan na bi ta. Na ce kamar kunu ne in ya kwanta, sai an sa ludayi. Ta ce e, kusan haka. Na ji daɗi.

Sai ta ɓata min. Ta ce amma ciyawar can ba ta iya cinye takin, ga shi da yawa amma ba ta ci sai kaɗan, saboda ba ta samun ƙarfe.

"Ƙarfe? Ciyawa ke cin ƙarfe?"

"Kamar ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki a asibiti. Ɗan kaɗan take so, amma in babu shi ba ta da kuzari."

Na ce to ku kai mata ƙwayar mana. Ta ce ba wannan ne aikinsu ba. Ta ce ragowar takin da ba a ci ba, shi ne ke sake nitsewa da ruwan sanyi, ya kama hanyar arewa ta ƙarƙashi, ya yi shekaru yana tafiya cikin duhu, ya je ya ɓullo a wasu gaɓoɓin teku inda ake kama kifi. Ta ce kifin shinshar ɗin nan na kwali da na yi shekaru ina soyawa a ƙofar gida kafin in koma zoɓo, mai yiwuwa wani abu daga abincinsa daga can ya taso.

Wannan ta shige ni. Kifin nan na san shi fiye da yadda na san wasu dangina. Yana zuwa a daskare, in fasa shi da dutse, in wanke, in soya, hannuna har yau da tabon mai. Ban taɓa tambayar abin da ya ci ya yi ƙiba ba. Na ce alhamdu lillahi, na gane. Zan ce Allah ya kai ki tekun ƙanƙara, ya ba ki taki mai yawa, ki kawo wa kifi.

"A'a Inna, ba ɗaukowa za mu yi ba. Aunawa kawai."

"In kun auna fa?"

"Mu rubuta."

"In kun rubuta fa?"

"A sani."

Na tashi na shiga kicin, don in na ci gaba da zama zan faɗi abin da ba shi da daɗi.

Washegari ta dafa zoɓo ba sukari, ta zuba a ƙananan ledoji ta sa a firigona. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, bai daskare ba sai wata ranar. Da ya daskare ta samo manyan kwalabe biyu masu faɗin baki, ta cika su da ruwan famfo, ta kwarara wa ɗaya gishirina ba tausayi. Maƙwabciyata ta shigo a daidai lokacin, wata 'yar Mosi da ke sayar da zomkom, ruwan garin geron nan da suke tarbar baƙo da shi. Mun tsufa tare muna zagin juna.

"Yau kuma me Hausawa ke dafawa?" in ji ta.

"Zauna ki ga abin da aka koyo a Faransa."

Auta ta yaga leda, ta jefa jar ƙanƙara ɗaya a kowace kwalba, ta ce kada wanda ya taɓa. Muka zuba ido kamar masu jiran boka. A kwalbar da babu gishiri, jan ya riƙa sauka zare-zare har ƙasa, ruwan duka ya soma yin ja. A mai gishirin kuwa, jan ya tsaya a sama ya shimfiɗe, ƙasa fari tas. Gaskiya abin ya ba ni mamaki, shekara nawa ina sayar da ƙanƙara ban san tana da wannan hali ba.

Auta ta ce to ga damuwar. Duniya tana ƙara zafi, ƙanƙarar can tana narkewa. Ruwan ƙanƙara ba shi da gishiri, bai kai na teku nauyi ba, sai ya kwanta a sama kamar murfi, na ƙasa ya kasa tasowa.

"To taki zai ragu ke nan," na ce. "Kifi ya rame."

"Wataƙila. Amma iskar ma tana ƙara ƙarfi, tana iya ƙara jawo na ƙasan."

"To zai ƙaru."

"Wataƙila. Sai dai inda ƙanƙara ta janye rana na shiga, ciyawar can ta fi ci, ragowar da ke tafiya arewa ta ragu."

"Ke! Ƙaruwa zai yi ko raguwa?"

"Ba mu sani ba, Inna. Shi ya sa za mu."

Ta so ta ƙara da cewa akwai wata tekun ƙanƙarar a arewa, ita kuma nata halin daban ne, can takin ƙarewa yake da wuri, kuma ya danganta da ruwan da ya shigo mata ta wace ƙofa. Na ɗaga mata hannu na ce ta bar ta arewa inda take, ta kudun ma ta ishe ni.

Maƙwabciyata ta tsoma yatsa a kwalbar ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Ɓarnar zoɓo da ɓarnar gishiri. Ke tsohuwa, ki roƙa mata miji a cikin jirgin ki huta. Ba maza ne a ciki ba?"

"Naki mijin a jirgi kika samo shi? A kan jaki ya zo."

"Ya dai zo. Ki ce Allah ya ba da sa'a, ki zuba ruwanki, mutane su tafi harkarsu."

Na ce sa'a a me? Ta ce ita ina ta sani, ta ɗauki tasarta ta fita tana dariya.

Na zauna na yi ta juya abin. Mai goro in ya fita, na san abin da zai sa ya dawo da fara'a. Mai atamfa haka. Ɗalibi ma na san cin jarrabawa yake so. Wannan kuwa na rasa ta ina zan kama. Da la'asar na kira Auta na ce ta bar min maganar iska da murfi, ta faɗa min abu ɗaya. Wanne ya fi mata, ta je ta tarar takin ya ƙaru ko ta tarar ya ragu? Wanda ta zaɓa shi zan roƙa.

Sai yarinya ta ɓata rai.

"Don Allah Inna kada ki roƙa min ko ɗaya."

"Kifi ya ƙoshi ma kada in roƙa?"

"Ki roƙa wa kifi in kina so, amma ba a hanyata ba. Na san bakinki. In kika ce in samu da yawa, da shi zan tafi a kaina, duk lambar da ta fito kaɗan in riƙa ganin kamar ni na yi kuskure. Abin da ke wurin nake so in gani."

"Ko da marar kyau ne?"

"Ko da marar kyau ne."

"To ni in tsaya a ƙofar gidana in roƙa wa 'yata ta je ta samo mugun labari?"

Ta ce, "Ki roƙa min kwalabena su rufe inda aka ce su rufe."

Na ce ban haife ta don in yi wa kwalba addu'a ba. Na ce hanya dai ban ba da ba tukuna.

Na ɗauka za ta yi fushi ta tafi abinta, yaran yanzu ai haka suke. Ba ta yi ba. Akwai wata ƙatuwar riga mai kamar katifa da ta zo da ita ta rataye a ƙusa, sai na ga ta ninke ta ta tura ƙarƙashin gado. Ta daina fita. Ta zauna tana taya ni ƙulla zoɓo, leɓenta na ƙasa a tamke irin na ubanta. Ranar tashin jirgin samanta tana matsowa, na ji tana tambayar yayarta ƙarfe nawa ake buɗe wurin buga waya, don ta gaya wa mutanenta su ba wancan mai jiran wurin. Na ga da gaske zan kashe mata abin da ta yi shekaru tana bi, ba don na ƙi shi ba, don kawai kaina ya kasa ɗauka.

Na yafa mayafi na je wurin limamin unguwarmu. Na zayyana masa iyakar abin da na iya. Shi abin da ya ja hankalinsa daban ne. Da ya ji an ce a lokacin da za su rana kusan ba ta faɗuwa a can, sai ya gyara zama ya shiga lissafin yadda za ta yi magariba da isha, ya ce ta bi lokacin ƙasa mafi kusa da ke da dare da rana. Na gode masa, na ce maganar takin fa?

"Hajiya, Allah ya san abin da ke cikin teku."

"Malam, na san ya sani. Ni ce ban sani ba, kuma ni zan yi maganar."

Ya yi murmushi ya ce in faɗa masa hakan. Na ce wa? Ya nuna sama. Na dawo gida ban tabbata ko amsa ya ba ni ko korata ya yi ba.

Da na shigo na ce wa Auta ta fito da rigar katifarta, kada ta buga wa kowa waya. Ta ce na samu abin faɗa? Na ce ba ruwanta.

Ban samu ba. Har safiyar tafiyar ban samu ba. Taksi ya tsaya a bakin layi, yayyenta sun fito, maƙwabciyata ta jingina da bango ta harɗe hannu tana jiran ta ga yadda zan ƙare. Na ɗebo ruwa a moɗa na tsaya. Auta ta tsuguna gabana.

Na ce, "Allah ya kai ki tekun ƙanƙara ta kudu, inda babu gari babu mai masauki." Wannan ya fita lafiya. Sai na tsaya. Mai taksi ya danna ham.

Na ce, "Ya Allah, yarinyar nan ta ce akwai taki a ƙarƙashin ruwanka, iska na ɗago shi, ƙanƙara na danne shi. Ni ban gane ba. Ita ma ta ce ba ta gane ba, da ita da malamanta. Ta hana ni roƙon ya ƙaru, ni kuma ba zan roƙi ya ragu ba. To abin da ka ajiye a wurin, ka nuna mata shi yadda yake, kada ka bar idonta ya ƙara ko ya rage." Na ja numfashi, na ji kunya, amma na ƙarasa. "Kwalabenta kuma su rufe inda aka ce su rufe."

Maƙwabciyata ta ce amin da ƙarfi fiye da kowa, don tsiya. Na roƙi dawowarta, na zuba ruwan. Auta ta tashi ta tsallaka, kafaɗunta na rawa, ban san kuka take ko dariya ba, don ba a waiwayowa.

Sai da wata damina ta zagayo ta sake zuwa. Ta rame, ta ce watan farko amai ta yi ta yi don jirgin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na bari ta ci ta sha, sannan na tambaye ta kamar yadda ake tambayar duk wanda aka ba hanya.

"An samu?"

Ta ce kwalabe sun rufe, sai 'yan kaɗan da suka ƙi. Ta ce a wani wuri sun tarar da takin ya fi abin da na gabansu suka auna, a wani wurin bai kai ba, kuma ba za a ce komai ba sai an yi shekaru ana komawa, don shekara ɗaya tana iya zama halin shekarar ne kawai.

"To addu'ata ta karɓu ko ba ta karɓu ba?"

"Ta karɓu mana, Inna."

Na ce to. Matan unguwa da suka shigo yi mata sannu da zuwa suka riƙa tambayata abin da ta samo. Na ce musu ta samo, amma ba a san ko mene ne ba tukuna. Suka dubi juna. Ban ƙara musu komai ba, don iyakar abin da ni ma aka ba ni ke nan.